Tambayar Fizik Ta Ceci Albasata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni manomin albasa ne daga Kashin Zama.

Bana ruwan rijiyata ya yi ƙasa, injin ban-ruwa ya ƙi ja, albasa ta fara yaushi. Makanike ya ce sai sabon inji.

Da la'asar ɗiyata Hadiza tana bitar gajerun tambayoyin fizik, ta iso kan wata: me ke hana famfo jan ruwa mai zurfi?

Ta ce, "Baba, injinka lafiya lau yake, ba ya dai iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita takwas. Haƙa rami, ka sauko da shi kusa da ruwan."

Na haƙa, na sauko da injin. Wallahi ruwa ya feso har wuyana!

A taya ta addu'ar jarrabawa. Makanike kuma, ina gaishe ka, gobe akwai bita bayan la'asar.