Wanda ke amsa tallata bai taɓa saye ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da ku da abokan aiki. Ni ne Sanusi daga Issawane.

Sa'o'ina duk sun tafi ci-rani, ni na zauna saboda jinyar mahaifiyata. Sai na kama tallar kayan wasu kamfanoni biyu ta waya: in mutum ya latsa mahaɗin da na tura ya saya, a ba ni la'ada. Na farko mai turare ne, la'adarsa da tsoka, amma kayansa ba sa wuce Maradi. Na biyu mai fitilar sola, la'ada kaɗan, amma yana kaiwa har tashar Mayahi. Shi na riƙe.

Kullum bayan la'asar nakan hau tudu ni kaɗai neman rezo, wato sabis na waya. Rubutun Faransanci bai kawo kowa ba, sai na koma saƙon murya da Hausa, ciniki ya ɗan motsa.

To, akwai wani dattijo a Korgom, Baba Idi, ban taɓa ganinsa ba, kuma bai taɓa saye ba. Duk tallar da na tura sai ya amsa: "Ɗana, ya mai jiki? Kai fa, ka ci abinci?"

Yanzu wakilin kamfani ya ce in goge duk lambar da ba ta saye, wai tana cinye mani kiredi, kuɗin waya, a banza. Gaskiyarsa. Amma Malam, in na goge Baba Idi, wa zai tambaye ni ko na ci abinci?

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Baba Idi, in kana ji, yau na ci.