A Ɗanɗana Kek Kafin Barkono

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Mai girma shugabar wannan taro, mai girma shugaban makarantarmu ta koyon girki da gashi, 'yan kwamitin shirye-shirye waɗanda suka kwashe mako uku ba su san hutu ba, abokan aikina alƙalan gasa, manoman barkono da suka taso daga nesa da buhunansu, masu rumfuna maza da mata, iyayenmu masu daraja, ɗalibaina na bana da na shekarun baya, da ku sauran jama'a waɗanda ƙamshi ya jawo daga bakin titi ba tare da takardar gayyata ba, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya sake tara mu a wannan fili, karo na biyar, domin bikin abinci mai yaji. Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama, ina godiya ga masu girki da suka hura wuta tun da sassafe, ina kuma godiya ta musamman ga waɗanda suka jera mana tankunan ruwa, domin nan da sa'a biyu za ku gane cewa su ne manyan baƙin wannan taro.

Tun da na iso, mutum huɗu sun tare ni da tambaya guda. Me ya kawo rumfar kek bakin ƙofa? Bara ai can baya take, kusa da famfo, inda waɗanda yaji ya kora ke zuwa neman mafaka. To, ni na roƙi a dawo da ita gaba, kuma dalilin haka shi ne jigon maganata. Abubuwa uku zan faɗa, na zauna.

Na farko, game da wannan biki. Akwai masu ganin cewa mun taru ne domin mu ga wanda zai fi kowa jurewa, wanda zai haɗiye attarugu goma bai zubar da hawaye ba. Wannan wasa ne, kuma muna son wasan. Amma ku ɗalibaina, ba shi ya sa nake kawo ku nan kowace shekara ba. Ina kawo ku ne domin ku ga yadda hannu ashirin za su ɗauki barkono iri ɗaya, a samu ɗanɗano ashirin. Wani zai gasa shi, wani zai jiƙa shi, wani zai cire 'ya'yansa, wata kuma za ta daka shi da tafarnuwa ta bar shi ya kwana. Zuba yaji kowa ya iya. Sanin inda za a tsaya, shi ne aikin da muke koyarwa shekara biyu. Ku zagaya, ku tambaya, ku rubuta, kada kunya ta hana ku cewa a ƙara muku bayani.

Na biyu, game da zaɓen kek na aure da wanda zai gasa shi. Na san a cikinku akwai masu shirin biki, ina ganin wasu suna sunkuyar da kai. Shawarata gare ku ita ce, kada hoton waya ya yanke muku hukunci, domin hoto ba ya nuna ko cikin kek ya bushe. Ku je gidan gashin da ƙafarku, ku roƙi a bar ku ku leƙa inda ake kwaɓi, ku dubi rariya, ku dubi firji, ku shaƙi ɗakin. Ku faɗi adadin baƙinku na gaskiya, ba wanda kuka rubuta a takarda ba. Ku tambaya ko kirim ɗin zai jure zafin ranar, ku tambaya wa zai ɗauko kek ɗin, a wace mota, kuma wa zai jera shi idan an isa. Bayan duk wannan, ku ɗanɗana. Amma ku ɗanɗana da harshe mai lafiya.

A nan zan ba ku labarin wani malami da ya shekara ashirin da biyu yana rubuta wannan doka a kan allo, sannan ya taka ta a gaban jama'a. Malamin nan shi ne yake tsaye a gabanku.

Bara, rana irin ta yau, saura wata biyu a ɗaura auren 'yata, Auta. Muna da masu gashi biyu a zuciya. Akwai wani babban gidan kek mai tagogin gilashi, akwai kuma tsohuwar ɗalibata da muke kira Sikeli, saboda ko gishiri ba ta zubawa sai ta auna. Ta buɗe ɗan shagonta bai fi wata biyar ba, kuma ba ta taɓa samun aikin aure ba. Da yake su biyun suna da rumfa a nan, sai na ce da Auta da angonta, tun da ga mu gaba ɗaya, mu gama da maganar kek yau. Na ɗauka dabara na yi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ni alƙali ne a ranar. Tukunya goma sha bakwai na ɗanɗana. Auta ta bi ni rumfa-rumfa tana sa cokali. Ango kuwa, domin ya burge surukinsa, ya shiga gasar cin barkono, ya zo na uku, yana murmushi hawaye na bin kumatunsa. A haka muka nufi rumfar kek, mu uku, muna hura baki.

Sikeli ta yanko mana nata. Na sa a baki, na tauna, na jira. Ban ji komai ba. Kamar na tauna soso.

Na ce, "Sikeli, mantawa kika yi da sukari?"

Ta ce, "A'a, Malam. Na auna kamar yadda ka koya mana."

Na ce, "To wannan ba shi da ɗanɗano. Ba haka na yaye ki ba."

Jama'a, a gaban mutane na faɗi haka, masu saye suna tsaye a bayana. Auta ta ce, "Baba, ni ma ban ji komai ba." Ango ya gyaɗa kai, domin a lokacin ko magana ba ya iyawa. Muka matsa rumfa ta gaba, ta babban gidan kek ɗin nan. Nasu zaƙi ya yi masa yawa har ya ratsa ta cikin raɗaɗin da ke bakinmu, sai muka ce yawwa, ga kek. Sikeli ta saka ragowar nata a ɗan kwali, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Malam, a kai wa Kaka."

Kaka ita ce mahaifiyata. Shekara goma ke nan likita ya raba ta da yaji, kuma har yau ba ta yafe masa ba. Washegari da safe na same ta da shayinta da kwalaye biyu a gaba, na Sikeli da wani mai ado da muka karɓo daga babban gidan kek ɗin. Ta tura mai adon gefe, ta ce, "Wannan sukari ne aka ɗinka wa riga." Sannan ta ɗaga ɗayan ta ce, "Wannan kuwa, hannun wa ya yi shi?"

Na ce, "Inna, ai wannan shi ne wanda muka ƙi."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Kai ne ake ce wa malamin girki? Buɗe bakinka."

Na ci. Jama'a, sai ga bota, sai ga ƙamshin ɓawon lemo, sai ga kwakwa can ƙasa tana zuwa a hankali, ga laushi, ga zaƙi daidai wa daida. Kek ɗin jiya ne, bai canza ba. Harshena ne ya dawo daga tafiya.

Da a ce na tashi a lokacin na nufi shagonta, da labarin ya ƙare da dariya. Amma ban tashi ba. Girman kai ya zaunar da ni kwana uku, ina cewa gobe, ina cewa jibi, ina neman yadda malami zai ce wa ɗalibarsa ya yi kuskure ba tare da hularsa ta faɗi ba. A rana ta huɗu wata abokiyar aikina ta tare ni a bakin aji, ta ce, "Malam, ka ji Sikeli ta sa tanderunta a kasuwa? Yau da la'asar mai saye zai zo ɗauka."

Ban san lokacin da na bar alli a kan tebur ba.

Na iske ta a shago, ta share ko'ina, ta ɗaure kwanukan gashi da igiya. A kan tebur ga kek tara a jere, kowanne da 'yar takarda a gabansa. Ta sake gasa kek ɗin nan sau tara cikin kwana uku, kowane karo tana ƙara sukari, tana neman abin da na ce babu.

Ta ce, "Malam, na gwada duka. Har yanzu na farkon ne ya fi mini daɗi. To idan harshena ya ce daidai ne, naka ya ce babu, ai nawa ne ya lalace. Mai gashin da ba ta da harshe, me za ta yi da tanderu?"

Na ce, "'Yata, harshenki lafiya lau yake. Nawa ne barkono ya rufe. Na zalunce ki, ki yafe mini, kuma ke za ki yi kek ɗin Auta."

Kun san abin da ta ce? Ta ce, "Na yafe, Malam. Amma ba na son aikin tausayi. A sake gwaji. Da safe, kowa ya sha ruwa kawai, a sa nawa a sa nasu a faranti iri ɗaya, babu suna. Kuma a zo da Kaka."

Ta kira mai sayen tanderu ta ce ya dakata mata zuwa Asabar. Ba ta ce ta fasa ba, dakatawa ta ce. Ni kuwa na je wancan gidan kek na gaya musu gaskiyar abin da ya faru, kuma ina yaba musu, domin sun karɓa da mutunci, suka aiko da nasu.

Ranar Asabar muka zauna mu huɗu a falo, faranti biyu a gaban kowa. Ban taɓa jin tsoron cokali ba sai ranar, domin na san idan muka sake nuna wancan, da la'asar tanderu zai hau mota. Kaka ta nuna na hagu. Auta ta nuna na hagu. Na rufe ido na tauna sau biyu, na nuna na hagu. Ango ya nuna na dama.

Kaka ta ce, "Auta, wannan mijin naki har yanzu bai warke ba. Ki riƙa sa masa sukari a miya."

Aka juya faranti, aka duba alamar da aka sa a ƙasansu. Na hagu na Sikeli ne.

Kek mai hawa uku ta yi mana. Ita da kanta ta rako shi a mota, ta jera shi, ta tsaya har aka yanka. Ni uban amarya ban samu ko gutsure ba, sai ƙamshi.

Na uku, kuma na ƙarshe, gare ku nake, ɗalibaina, da ku abokaina malamai. Ku ɗalibai, ku girmama malamanku, ku saurare mu, ku ɗauki gyara. Amma idan kun auna daidai, kun gasa daidai, harshenku ya shaida, to ku yi ƙarfin halin tambaya cikin ladabi, "Malam, me ka ci kafin ka zo?" Mu kuma malamai, mu sani cewa kalmar da muke jefawa muna tafiya, wani ɗauka yake ya kai gida ya kwana uku yana aunawa. Mu auna ta tukuna. Idan kuma ta kuɓuce, kada mu bar ta ta kwana.

Shi ya sa rumfar kek ta dawo bakin ƙofa. Duk mai shirin aure ya fara tsayawa can, ya ɗanɗana, ya yi tambayoyinsa, sannan ya shigo ciki ya ƙona bakinsa yadda ransa ke so.

Sikeli, ina hango ki can da farin gyale. A gaban jama'a na ce kek ɗinki ba shi da ɗanɗano, a wannan fili, a rana irin ta yau. A ɗaki na ba ki haƙuri, kuma ɗaki bai kai fili ba. To yau a gaban jama'a nake cewa, ni na yi kuskure, kek ɗinki bai taɓa rasa komai ba.

Kada ku ɗauka ta sassauta mini. Ɗazu na je rumfarta na miƙa hannu, sai ta janye farantin, ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ba ka leƙa wata tukunya ba?" Na ce cokali ɗaya ne tak. Ta miƙo mini kofin ruwa ta ce, "Sai gobe da safe."

Ina roƙon Allah ya sa albarka a wannan taro. Allah ya albarkaci gonakin manomanmu da hannayen masu girkinmu. Allah ya ba ɗalibanmu sana'a mai amfani da zuciyar da ba ta karaya. Masu shirin aure, Allah ya sa a yi lafiya, ya ba da zaman daɗi wanda ya fi kek daɗewa a baki. Waɗanda za su shiga gasar barkono, Allah ya ba ku sauƙi. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.