Shirun da Ya Kayar da 'Yata a Lissafi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Sabi'u ne daga Kibiya. Na daɗe ina juya maganar nan, don ban tabbata ni ke da gaskiya ba.

'Yata Hauwa tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Dokar makarantarsu, duk wanda ya yi Hausa a aji zai share fili. Ƙarshen zangon nan aka ba ta kyautar ladabi, amma ta faɗi lissafi.

Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Baba, ba na ganewa ne, kuma ban iya tambaya da Turanci ba, sai in yi shiru."

Na samu malaminsu. Ya ce, "Malam Sabi'u, in muka sassauta, yaushe za su iya Turancin? Da shi ake jarrabawa." Shi ma bai yi ƙarya ba.

In ta sake faɗuwa za ta maimaita aji. Ku ba ni shawara: in ce mata ta yi tambayarta da Hausa ta karɓi tsintsiya, ko kuwa saɓa doka zan koya mata?