Kwalbar da Ba Ta Cikin Bincike

A ɗakin jira na masu ciwon daji, wata dattijuwa ta miƙa wa matar da ke gefenta kwalbar jiƙo. Ina bayansu, ina ji.

"Karɓi ki sha, 'yar nan."

"Ba zan sha ba, Mama. Na gode."

"Naki ma na huhu ne, irin na maigidana?"

"Shi ne. Bai bazu sosai ba, sai aka sa ni a bincike. Suna haɗa min ƙarin ruwa da hasken na'ura, su ga ko biyun sun fi ɗaya."

"Ashe su ma haɗe-haɗe suke! Nasu bincike, nawa jahilci. In biyu sun fi ɗaya, ai uku sun fi biyu."

"In na warke, wanne za a ce ya yi aikin?"

"Ke dai ki warke, su je can su ƙarata. Maigidana ma yana cikin binciken. Kullum sai na ɗiga masa a shayi, bai sani ba."

"Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi. Hantarsa ce kawai likita ke ta ƙorafi a kai, wai ya rasa dalili. Kin ji masu ilimi."

"Ki gaya masa dalilin yau, Mama."

"Ji bakinta. Ke wa ya rako ki?"

"Ba kowa. Mahaifiyata ce ke rako ni, har ranar da na mayar mata da irin wannan kwalbar. Tun daga nan ni kaɗai nake zuwa, ni nake riƙe wa kaina robar amai."