Akwatin Delbert

A bencin kotun garin Duluth, tsoho Delbert mai ƙiyasta darajar gidaje ya rungume akwatin takardu. Matar da ke gefensa ta leƙo.

"Baba, lafiya da wannan kaya?"

"Ƙarata aka kai, wai na kambama darajar wani gida shekara tara baya. Alƙali ya kore ta, wa'adin shekara shida na shigar da ƙara ya wuce."

"To ai ka yi nasara!"

"Kalanda ce ta yi, 'yata. Ni da na shiga ƙarƙashin gidan da rarrafe na auna! Mai ƙarar nake jira, sai ya karanta aikina."

"Zai tsaya kuwa?"

"Ƙofa ɗaya ce da ginin nan. Na zagaya na duba."