Hannun Mai Keke, Birkin Direba

Ni dai kunnena ba ya zama inda na ajiye shi. Ina kan benci a ofishin jami'an hanya, sai ya tafi wajen wani direban bas da wani mai keke, suna jira a faɗi wanda za a riƙe wa abin hawa.

"Ɗan'uwa, ka miƙa hannu ko ba ka miƙa ba?" in ji direban.

"Na miƙa mana! Kwana zan sha, haka doka ta ce!"

"Shekarata ashirin ina tuƙi, duk hannun da aka miƙa a titi fasinja ne. Ƙafata da kanta take taka birki!"

"Fasinja a kan keke, baba? Ka wuce ni fuu, ka tsaya cak a gabana! Hancina ne ya fara gaida motarka."

"Ai da ka buga ƙararrawa."

"Na buga! Rediyonka ke ta ihu."

"Wallahi ko danja ban taɓa tsallakewa ba!"

"Ni ma ko hanyar masu ƙafa ba na hawa!"

Jami'in ya leƙo ya ce an riƙe bas da keken duka. Titin hannu ɗaya ne, kuma su biyun ta baibai suka shigo shi.