Shanun Huɗa a Bayan Dangata

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai cetonmu. Ni ce Saratu, daga wani ƙauye a gefen Saji. Ban saba tsayuwa gaban jama'a ba, ku yi haƙuri da ni.

Aurena ya mutu ne saboda ban haihu ba. Da tsohon mijina ya tashi yin wani aure a Durba, dattawan dangi suka ɗora masa abu ɗaya: kowace damina ya zo da shanunsa ya yi mini huɗar 'yar gonar da nake ci daga gare ta. Ya kuwa riƙe alkawari. Ruwan shuka na sauka, sai in ji takun shanu a bayan danga.

Ba ya shiga gida. Sai in ajiye masa kunu a gindin ɗorawa, ya ce, "Sannu, Saratu," in ce, "Sannu da aiki." Hirar shekara ke nan. Amma wannan safiyar nake jira tun daga kaka har bazara. Sauran kwanakin ni da kajina ne, su ma da sun gama tsince tsaba sai su yi gaba.

Bara ruwa ya sauka, shiru. Dawar maƙwabta ta tsiro, tawa gonar sai ciyawa. Kullum in dama kunu, in zauna, ya huce. Na ji tsoron yunwa, amma abin da ya fi cina shi ne a ce babu sauran mai tunawa da ni.

Ran nan na durƙusa a tsakiyar ciyawar, na ce, "Ya Ubangiji, na gaji da jiran ɗan'adam. In kai ma ka manta da ni, ka faɗa mini."

Ba a daɗe ba, wata safiya na ji takun shanu. Na leƙa, sai ga Talatu, matar tsohon mijina, wadda ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, tana jan igiya tana haki.

Ta ce, "Yaya, maigida yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Magana ba ta fita, amma kullum sai ya nuna shanun nan, ya nuna hanyar Saji. Ban iya huɗa ba, na dai zo."

Na ce, "Ni ma ban iya ba. Shigo ciki ki sha kunu tukuna."

Ita ta ja shanu, ni na riƙe garma. Kunyoyin suka fito a karkace, masu wucewa suna ta dariya. Dawa kuwa ba ruwanta, ta yi kyau. Da kaka na ɗaure dami na kai musu Durba, na gaishe shi, ya ɗaga hannun da ke motsi.

Har yau ni kaɗai nake kwana a gidan, ba zan ɓoye muku ba. Amma na daina zaman jiran safiya ɗaya a shekara. Na gode wa Allah!

Duk wanda kununsa ke hucewa babu mai sha, ya dogara ga Yesu. Ya san hanyar ƙauyenku. Amin.